Wasan da Ya Kai Shibo Gidan Kaso: Sharhi a kan Hauka da Fim ɗin Jean Rouch

A kan hanyar da ta tashi daga Yamai, ta ratsa Baleyara da Bonkuku ta nufi Filinge cikin kwarin Dallol Boso, matafiyi na barin ƙasar Imanan sai ya shiga ƙasar Kurfai. A nan ne, a garin Shikal, cikin shekarar 1925, wasu baƙin iskoki suka fara hawa kan samari da ƴan mata. Ba su yi kama da iskokin borin da aka sani ba. Da sun hau, sai dokinsu ya miƙe ƙyam, ya riƙa taka ƙasa irin takun soja, yana sara wa na gaba da shi, yana ba da oda cikin wani gurɓataccen Faransanci. Wannan ya ce shi ne Gwamna, wancan ya ce shi ne Janar, wani Likita, wani Kofur. Aka ba su suna Hauka. A ƙasar Adar da Arewa ta Dogon Dutsi kuwa an fi saninsu da Babule. Abin ya cika shekara 100 a 2025. Masana a jami'o'in Faransa da Amurka sun daɗe suna jayayya a kansa, alhali ɗalibin koleji a Bonkuku ko Filinge na iya kammala karatunsa bai ji labarin a aji ba ko sau ɗaya.

Duniya ta san Hauka ne ta hanyar fim ɗin Jean Rouch mai suna Les Maîtres fous, kuma albarkacin wannan fim aka saba kafa su misali duk lokacin da ake zancen ba'a da barkwanci a matsayin makamin talaka gaban mai mulki. Tambayar da ta kamata a yi wa fim ɗin, da ma waɗanda suka yi sharhi a kansa, mai sauƙi ce: wa ke yin dariyar, kuma me ya sa ta yi wa kumandan zafi har ya tura a kamo mutane?

Ba a fahimtar Shikal sai an san halin da Kurfai ke ciki a lokacin. Kafin zuwan Faransawa, Kurfayawa ba su da sarki guda da ke juya ƙasar baki ɗaya. Kowane gari da manyansa. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka ɗora musu Gado Namalaya, mayaƙin da ya mara musu baya, a matsayin sarkin kanto. Ta hannunsa lanho ke fita, ta hannunsa ake ɗibar mutane zuwa aikin tilas da aikin soja. Sama da shi kuma akwai dokar nan ta indigénat, wadda ta bai wa kumandan ikon rufe talaka na kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, dokar da ba a soke ba sai 1946. Masanin tarihi Finn Fuglestad, wanda ya yi nazarin al'amarin a wata maƙala ta 1975, ya nuna cewa mabiya Hauka, ƙarƙashin jagorancin wata mata mai suna Shibo (wasu na rubuta Zibo), ba su tsaya ga rawa ba: sun juya wa sarkin kanto baya, wasunsu sun fita daji sun kafa nasu matsugunai, da nasu gwamna da nasu sojoji masu bindigogin itace.

Kumandan na Yamai a lokacin shi ne Horace Crocicchia, wanda daga baya ya yi gwamnan Kodibuwa da na Gine. Ya sa aka kamo mutum wajen 60 aka rufe. Ruwayar da Rouch ya tattara daga bakin mabiya ta ce kumandan ya fito da su ya umarce su su kira iskokinsu a gabansa, sannan ya yi ta marin Shibo har sai da ta furta cewa babu wani abu wai shi Hauka. Zuwa 1927 aka sake kame, aka kori jagororin zuwa wasu ƙasashen da Faransa ke mulki. Sakamakon da Crocicchia ya samu kuwa shi ne shiga cikin jerin iskokin da ya so kashewa. Sabuwar iska ta bayyana, mai zafin rai da ashar, ana kiranta Korsasi ko Kumandan Mugu. Ko a sunan ma akwai abin lura ga malamin harshe: rabinsa Faransanci ne, rabinsa Hausa, kuma Hausar ce ta yanke hukunci.

Daga yammacin Nijar, ƴan ci-rani suka tafi da Hauka Kurmi. A can Rouch ya same su a 1954, a wani gida da ke bayan birnin Akara na ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma su da kansu suka gayyace shi ya ɗauki bikinsu na shekara. Damure Zika na cikin waɗanda suka ɗauki sauti. Fim ɗin, wanda bai wuce kimanin rabin awa ba, ya fara da nuna mutanen a bakin sana'arsu: ƴan dako, waɗanda a can ake kira kaya-kaya, masu wanke kwalabe, masu yankan ciyawa. Sai ranar Lahadi, sai motoci suka kwashe su zuwa daji. Aka karɓi sabon shiga, masu laifi suka furta laifinsu aka ci su tara, sannan iskoki suka sauka ɗaya bayan ɗaya: Kapral Gardi, Samkaki direban jirgin ƙasa, Madam Lokotoro matar likita, Zeneral, Gomno. Idanu sun juye, kumfa na zuba daga baki, ana goga wutar yula a jiki. Aka zauna taron shawara irin na manyan Turawa, aka yanka kare, aka dafa, aka tsoma hannu cikin tafasasshen ruwa aka ci.

Wuri biyu ne a fim ɗin suka fi nuna hannun Rouch. Na farko, inda aka fasa ƙwai a kan gunkin Gomno: nan take sai hoto ya tsallaka zuwa ga gwamnan Ingila na gaskiya yana duba faretin soja a Akara, fararen gashin tsuntsu na zubo masa daga saman hula kamar yadda ƙwan ke zubowa. Wannan haɗi gwaninta ce, kuma shi ne ba'a mafi kaifi a fim ɗin baki ɗaya. Sai dai Rouch ne ya yi ta a teburin haɗa hotuna, babu mai tabbacin cewa abin da mai fasa ƙwan ke nufi ke nan. Na biyu shi ne ƙarshe, inda aka nuna mutanen washegari, fuska a sake, suna murmushi, wasunsu na haƙa rami a gaban asibitin mahaukata na Akara, muryar Rouch na tambaya ko ba su ne suka gano maganin da ke hana mutum taɓuwa cikin wannan zamani ba. Sunan fim ɗin ma harshen damo gare shi a Faransanci: ana iya fahimtarsa da ma'anar gwanayen hauka, ana iya fahimtarsa da ma'anar mahaukatan iyayen gida.

Da aka nuna shi a Musée de l'Homme na birnin Pari, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke zauren suka fusata, don suna ganin an miƙa wa masu raina baƙar fata hujja a hannu. Hukumomin Ingila suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi, don suna ganin an ci mutuncin gwamna da sarauniyar da yake wakilta. Duk da haka ya ci kyauta a bikin finafinai na Benis a 1957, kuma an san ya yi tasiri a kan Jean Genet wajen rubuta wasansa Les Nègres. Fushin ɗaliban ba abin rainawa ba ne. Musulmin da ya kalli wurin cin karen ko a yau sai ransa ya ɓaci, kuma mai nazarin tarihi ba ya bukatar yarda da bori kafin ya yi nazarinsa. Ousmane Sembène ya taɓa zargin Rouch, gaba da gaba, da kallon ƴan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari.

Daga baya masana suka rabu. Paul Stoller, Ba'amurken da ya yi shekaru yana bincike a Tillaberi, ya kira abin barkwanci mai ban tsoro a wata maƙala ta 1984, yana ganinsa turjiya ga mulkin mallaka. James Ferguson a 2002 ya ce mai kwaikwayon Bature sau da yawa neman rabonsa yake a cikin duniyar da Bature ya killace wa kansa. Paul Henley kuma a 2006 ya nuna cewa mutanen da ke cikin fim ɗin lafiya suke nema, da haihuwa, da tsari daga maita, wato abin da kowane ɗan bori ke nema wurin iskarsa.

Henley na da gaskiya a kan abu guda da ba a iya kaucewa: wanda iska ta hau ba wasa yake ba. Bai shirya ba'a ba, kuma idan ya farfaɗo cewa yake bai san abin da ya faru ba. Amma wannan bai kore ba'ar ba, wurin zamanta kawai ya sauya. Tana wurin ƴan kallo, waɗanda ke ganin ɗan maƙwabcinsu, wanda jiya gardi ya kora da bulala zuwa aikin hanya, yau ya kumbura wuya yana daka wa dattawa tsawa da “Faransanci”. Tana kuma wurin kumandan, wanda shi ne ya fara karanta abin a matsayin cin fuska. Abin da Hauka suka tona shi ne cewa mulkin da ake tsoro taku ne da tsawa da hula da sara, kuma duk wanda ya lura da kyau zai iya ɗaukarsu ya sa a jikinsa. Mulkin da ke hannun Turawa ƴan ƙalilan a tsakiyar dubban talakawa da kwarjini yake rayuwa, ba ya jure a gane haka.

A nan ne babban raunin fim ɗin yake. Rouch ya ɗauki biki na cikin gida, nesa da gari, inda kusan kowa mabiyi ne. Babu taron ƙauye, babu matan da ke rufe baki da gyale suna ƙyaƙyatawa, babu yaran da ke watsewa da gudu su dawo, irin taron da Stoller ya bayyana a Nijar, inda tsoro da dariya ke tafiya tare. Mai kallo a Turai sai ya ga kumfa da jini kaɗai. Haka kuma, ban da ƴar ishara zuwa ga asalin abin, fim ɗin bai ba da labarin Kurfai ba: babu lanho, babu aikin tilas, babu Gado Namalaya, babu Shibo. Na'urar da Rouch ya yi aiki da ita ba ta ɗaukar hoto da sauti a tare, saboda haka muryarsa ce ke bisa komai, shi ke faɗin abin da Gomno ya ce da abin da Zeneral ya mayar. An cire wa wasan ƴan kallonsa, an cire masa dalilinsa, sannan aka rufe da bayanin cewa magani ne mai sa lebura ya koma bakin aiki da murmushi ranar Litinin. A Shikal kuwa laifin da aka kama mutane da shi shi ne ƙin komawa bakin aikin.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar yi wa manya dariya ba ce. Akwai wawan sarki, akwai wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, akwai wasan kara na Damagaram inda samari ke yin kayan sarauta da na hukuma da karan dawa su kwaikwayi masu riƙe da muƙamai, wani lokaci a gaban masu muƙaman. Akwai tashe cikin azumi, akwai ƴan kama, akwai taubasantaka tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Duk waɗannan dariya ce mai izini. Tana da lokacinta da iyakarta, kuma idan an tashi, mai rawanin kara yakan tuɓe ya je ya yi gaisuwa wurin mai rawanin gaske. Ba a cewa ba ta da amfani, don sarki mai hankali yakan ji a bakin wawa abin da fadawa suka ɓoye masa. Amma bango take gyara wa, ba ta girgiza shi. Hauka ba su nemi izini ba, ba su da wata na musamman, kuma ba su mayar da hular ba.

Suna da wata garkuwa kuma wadda ta fi ta wawan sarki ƙarfi. Hausa ta bambanta zambo da habaici: zambo na kama suna, habaici na barin mai kaza ya ji a jikinsa. Hauka habaici ne da aka yi da jiki maimakon baki, kuma mai yinsa na da amsa a shirye: ba shi ba ne, iska ce. Wannan ne ya sa ruwayar marin Shibo ke da ma'ana, ko da an yi mata ƙari a bakin masu ba da ita. Rufe mutanen bai ishi kumandan ba. So yake a furta cewa babu iska, domin in babu iska, saura talaka da ya raina hukuma, shi kuwa doka ta san yadda za ta yi da shi. Da Korsasi ya bayyana, habaicin ya koma zambo, ga suna an kama, amma har yanzu babu mawaƙin da za a tuhuma.

Kada kuma a kai abin inda bai kai ba. Faransawa sun ƙara shekara 35 suna mulki bayan Shikal, sarautar kanto ta zauna daram, kuma sannu a hankali Hauka suka shige cikin sauran iskoki, suka zama masu kamun mayu da sasanta rigimar gari. Jerinsu ya ƙaru da masu muƙaman sabon zamani, har da minista da shugaban ƙasa. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ɗan Fandu ne a ƙasar Tondikandiya, maƙwabciyar Imanan da Kurfai. Stoller, a littafinsa na 1995, ya kai ga cewa salon mulkinsa, da tsare gira da dirar ba-zata a ofisoshi, ya ɗebo daga siffar Hauka. Hujjar ta fi kama da hasashe, amma ta nuna abu mai yiwuwa: rigar da talaka ya ara don ya muzanta mai mulki, mai mulki na iya karɓarta ya tsorata talaka da ita.

A zamanin Kountché ɗin ne teyatur na Hausa ya bunƙasa ƙarƙashin samariya da bikin matasa na ƙasa, kuma ƙungiyar Damagaram ta su Yazi Dogo ta shiga kowane gida ta rediyo da telebijin. Janet Beik ta rubuta littafi a kan wannan teyatur a 1987. Gwanaye ne na gaske, ba sa rubuta wasa, a baki suke gina shi, kuma sun yi wa ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci da boka da alhajin birni dariyar da har yau ake tunawa. Sai dai tsanin na da matakin da ba a takawa. Wanda ya taka shi tun kafin nan, Moustapha Alassane ne, a ɗan gajeren fim ɗinsa na zane Bon voyage Sim na 1966, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki, da jan kafet da faretin soja da taken ƙasa. Shi ma garkuwa ya nema: kwaɗo ya tsaya masa inda iska ta tsaya wa Shibo. A 2024 aka sauya sunan cibiyar al'adu ta Yamai da ke ɗauke da sunan Jean Rouch, aka sa mata na Moustapha Alassane.

Bayan taron ƙasa na 1991 jaridun ba'a suka fito da fuskarsu a fili, suka kuma biya kuɗin haka. Mai jaridar Le Canard déchaîné, wato agwagwar da ta tsinke, wadda ta ari sunanta daga ɗaurarriyar agwagwar Pari, an yanke masa wata 8 a gidan kaso a 2002 bisa ƙarar firaminista Hama Amadou. A Kano, a 2022, kotu ta sa aka yi wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne saboda wasan barkwancin da suka yi da gwamnan jihar a TikTok. A Nijar kuma, wata doka ta watan Yuni 2024 ta dawo da hukuncin ɗauri ga zagi da ɓata suna ta intanet. Wayar hannu ta ba mai barkwanci ƴan kallon da Shibo ba ta taɓa mafarkinsu ba, ta kuma ƙwace masa abin da Shibo ke da shi: ga fuskarsa, ga sunansa, ga lambarsa.

Wannan na da alaƙa da abin da ake gani a dandamalin makarantu da na ƙungiyoyin al'adu. Wasannin ƙarshen shekara sun fi yawa a kan kishiya da boka da baƙauyen da ya shigo birni, wato waɗanda ba su da bakin ramawa, kuma akan kira wannan faɗakarwa. Malamin da ke son ɗalibansa su san cewa dariya na iya duban sama ba sai ya fara da Molière ba, ko da yake Tartuffe ma an hana shi a 1664. Misalin na nan a ƙasar da ɗaliban suka taso. In za a nuna musu Les Maîtres fous, to a fara da 1925 kafin 1954, a ba su labarin Gado Namalaya da Crocicchia kafin su ga kumfa, a kuma tambaye su wane ne ya fasa ƙwan, wane ne ya haɗa shi da hular gwamna. Akwai kuma aikin da ya fi na aji, wanda ƙungiyoyin Filinge da Bonkuku suka fi kowa dacewa da shi. Kusan duk abin da aka rubuta a kan Shibo da Faransanci ne ko Ingilishi, daga takardun kumandan ko daga bakin ƴan ci-ranin Akara. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ƙare, amma jikokinsu na nan a Shikal da ƙauyukan da ke kewaye, kuma abin da kakanninsu suka faɗa musu, na yabo da na suka, da Hausar Kurfai suka faɗe shi.